Yadda Na Kori Baƙin Babanmu Daga Kan Turmi

Akwai wautar da mutum kan yi da ƙuruciya, shekaru su binne ta kamar ba a yi ba. Wannan da zan ba ku labari ba ta cikinsu, kuma na san ba zan manta da ita ba har ƙarshen rayuwata. Ko da ni na so mantawa, 'yan gidanmu ba za su bari ba. Har yau in an taru da Kirsimeti an ci an ƙoshi, sai wani daga cikin ƙannena ya miƙe ya gyara murya ya ce, "Wannan gida ya yanke shawara!" Shi ke nan kowa ya kwashe da dariya, ni kuwa in tuna ina da aiki a madafa.

Lokacin ina aji biyar a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Funtuwa. Muna da wani malamin Turanci da ya ɗauki muhawara kamar ibada. Shi ya binciko wata ƙungiya ta ƙasashen waje mai haɗa ɗalibai daga ko'ina a duniya su yi gardama ta intanet, kowa yana zaune a makarantarsu yana ganin abokan karawarsa a fuskar kwamfuta. Ya yi ta sintiri a ofishin shugabar makaranta har ta gaji ta amince ya sa sunanmu. Mutum biyu ake so. Ya zaɓi wata 'yar ajinmu saboda ƙoƙarinta, ni kuma ya zaɓe ni saboda bakina. Bai ma ɓoye mini ba. Ya ce tunda na hana shi sakat da surutu a aji, gara in je in hana mutanen duniya.

Batun da aka ba mu shi ne: shin ya kamata ƙasashe su buɗe iyakokinsu, kowa ya shiga inda ya ga dama ya zauna ya nemi abincinsa, ko kuwa a rufe a tsare? A irin wannan gasa ba kai ke zaɓar ɓangarenka ba, ƙuri'a ake yi. Tamu ta faɗo a kan rufewa. Akwai kuma abin da ya kamata ku sani tun yanzu, don shi ya jawo komai. A al'adar masu muhawarar nan, taron da ake magana a gabansa "gida" ake ce masa. Kowane mai jawabi da haka yake buɗewa: wannan gida ya yarda da kaza, wannan gida ya ƙi kaza.

Ni dai a lokacin ban taɓa ganin iyakar ƙasa da idona ba. Tafiya mafi nisa da na taɓa yi ita ce Zariya, ita ma rakiyar amarya ce, na kuma yi barci tun daga Giwa. Amma malam ya rubuto mana hujjoji shafi uku, na haddace su tsaf, har na fara jin kamar ni na haƙa harsashin iyakar da hannuna. Da za a ba mu hutun tsakiyar zango, sati biyu kafin gasar, ya kira ni ya ba ni umarni biyu. Na farko, in riƙa gwaji da ƙarfi, kamar wanda ke bayan aji kurma ne. Na biyu, in juya jawabin zuwa Hausa in yi wa mahaifiyata, in ta gane to ni ma na gane abin da nake faɗa. Duka biyun na bi su sau da ƙafa. Da na san abin da zai biyo baya, da na yi masa kunnen ƙashi kamar yadda na saba.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Tsiga. Babanmu manomi ne, dattijo kuma a ikilisiyarmu. Yana noma masara da dawa da ɗan auduga, amma a shekarar nan waken suya ya fi zuba wa ƙarfi. Kowace kaka akwai wasu mutane bakwai da ke zuwa masa aiki daga wani ƙauye a bakin iyaka, ta ɓangaren Nijar. A zauren gidanmu suke sauka, su yi wata uku, sai an gama da dawa su koma. Babbansu wani dattijo ne dogo, mai ɗan gemu fari, wanda ya fara zuwa gidanmu tun ba a haife ni ba. Kawu muke ce masa, duk da ba mu haɗa komai ba. Su Musulmi ne, mu Kirista, amma Baba da kansa ya jera musu duwatsu a gefen zaure inda suke salla, Mama kuma ta ware musu butoci. In za a yanka kaza a gidanmu da kaka, Kawu ake miƙa wa wuƙa don kowa ya ci hankali kwance.

Na iso gida na tarar waken ya bushe ƙamas. Wanda bai san waken suya ba ba zai gane abin da wannan ke nufi ba. In ya kai wannan matakin ba ya jiran kowa. Rana na dukansa kwanson zai fara fashewa, ƙwayar ta tarwatse a ƙasa, sai dai kaji da tattabaru su yi maka godiya. Kwana biyu zuwa uku kawai kake da su.

Ranar Litinin da sassafe Baba ya hau mashin ya yi gaba don ya duba gonar, ya ce su Kawu su biyo shi in sun gama shan koko. Mama tana tsakar gida tana wanke tukwane. Na ga ai ga dama ta samu.

"Mama, malam ya ce in yi miki jawabina."

"Ina jinki," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na duba na ga mai jawabi ba ya tsayawa a ƙasa kamar kowa. Na mirgino turmi na kifa shi a jikin bango, na hau. Ban ko tuna cewa bangon nan na zaure ne ba, kuma akwai 'yar taga daidai saitin bakina. Na cika ƙirji da iska, na tuna da kurman da ke bayan aji, na saki murya.

"Wannan gida ya yanke shawara cewa abin ya isa haka! Baƙi sun yi mana yawa! Suna shigowa ba sallama, suna cinye mana abinci, suna ƙwace aikin da ya kamata 'ya'yanmu su yi! Wannan gida ya yi haƙuri shekara da shekaru, yau haƙurin ya ƙare! Kowa ya tattara nasa ya nasa ya koma inda ya fito, a ja ƙofa a sa kwaɗo!"

Haka na yi ta zubawa har minti biyar, ina nuna yatsa, ina buga ƙafa a gindin turmi. Da na kai ƙarshe na tsaya ina haki ina jiran yabo.

"To Allah ya kyauta," in ji Mama. "Sauko mini daga kan turmi, da takalmi ma kika hau. Je ki kwaso kwanonin koko."

Na shiga zaure na tarar ba kowa. Kwanonin suna jere, kowanne da sauran koko kusan rabi. An naɗe tabarmi an jingine, an jera butoci a bakin ƙofa, har shara an yi. Abin da kawai ya zo raina shi ne, kai mutanen nan akwai tsafta. Na kwashe kwanoni na koma ciki ina maimaita sashe na biyu.

Hantsi ya ɗaga sai ga ƙarar mashin ɗin Baba. Ya shigo yana tambayar ina mutanensa, ya yi ta jira a gona shiru. Mama ta ce ai sun daɗe da fita. Ana cikin haka maƙwabcinmu mai shago ya yi sallama. Ya ce ya ga su Kawu sun wuce da jakunkunansu a ka sun nufi titi, kuma dattijon ya bar sallahu: a gaida maigida, a ce masa sun ji saƙo, sun gode da zaman arziki.

"Wane saƙo?" in ji Baba.

Ya dubi Mama. Mama ta juyo a hankali ta dube ni. Ashe duk wankin tukwanen nan da take yi babu kalma ɗaya da ta wuce ta. Ta ajiye soso, ta maimaita wa Baba jawabina tun daga "wannan gida" har zuwa kwaɗo, har da nuna yatsan. Ko a wannan hali sai da na ji wani ɗan daɗi a raina, don malam ya ce in ta gane to na iya.

Babanmu ba mai faɗa ba ne. In ransa ya ɓaci sosai, hularsa yake cirewa ya tsura wa cikinta ido kamar an rubuta masa abin yi a ciki. Ranar ya daɗe yana karanta hular nan. Da ya mayar da ita kansa kalma biyu kawai ya faɗa.

"Hau mashin."

Daga ni sai zanen gida da silifas ɗin wanka, haka na hau. Hanyar titi ta gefen gonarmu take bi. Muna isa wurin ya tsaya ya kashe mashin. Da wurin ya yi tsit sai na fara ji, can ƙas, nan ƙas, kamar ana taka busasshen kara a hankali.

"Kina ji?" ya ce. "Kuɗin makarantarki ne ke zubewa ƙasa."

Ya tada mashin muka wuce.

A tashar Tsiga muka same su, zaune a gindin darbejiya suna jiran motar Dandume ta cika, don sun ji ana neman masu aiki a can. An riga an ɗaure jakunkunansu a saman motar. Baba ya yi sallama, Kawu ya amsa, aka yi gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, kamar ba ɗazu suka rabu ba. Sai da aka gama tsaf sannan Kawu ya gyara zama, ya yi magana da Hausarsa ta mutanen can.

"Maigida, da bakinka ka faɗa mana da ya fi. Shekara nawa muna tare? In mun yi yawa, ka kira ni gefe mu yi maganar manya. Sai ka sa ɗiya ta hau bisa ta yi mana shela ta taga?"

Baba ya rantse da girman Allah bai san zancen ba, sannan ya juyo ya nuna ni da haɓa. Na durƙusa a gaban Kawu gwiwa biyu.

"Kawu, ka yi haƙuri. Gidan da nake nufi ba gidanmu ba ne."

"Gidan wa ne?"

"Ba na kowa ba ne. Gidan muhawara ne."

"Ina yake?"

"A cikin kwamfuta."

Wani direba da ke kwance a kan benci ya tashi zaune don ya ji da kyau.

"To," in ji Kawu, "baƙin wane ne kinka kora?"

"Ba wasu na musamman ba ne, Kawu. Baƙin duniya ne gaba ɗaya."

"Mu ba mu cikin duniya?"

Na ga ina ƙara nutsewa, sai na kamo wata igiyar. Na ce ai ba ma ra'ayina ba ne, ƙuri'a aka yi ta faɗo a kaina, da ta faɗo ɗaya ɓangaren da cewa zan yi kowa ya shigo. Kawu ya shafa gemunsa ya dube ni, ya dubi Baba.

"Wato a lakwal ɗinku, makarantar bokon nan, ana koya wa yara su faɗi abin da ba shi ne a zuci ba, kuma da ƙarfi?"

Na ce e.

"A garinmu wannan da sunansa," ya ce, "amma ba zan faɗa ba gaban ubanki."

Kafin nan mutane sun fara taruwa. Direbobi, mai rake, mai shayi da ludayinsa a hannu, da wasu mata da suka fasa shiga mota. Kawu ya ce tunda gardama ce ake koya mini, kuma ɗazu ta taga aka yi ba a ba shi damar amsawa ba, to in tashi in maimaita a nan, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ba ni amsa. Na dubi Baba ina neman ceto. Baba ya samu benci ya zauna ya harɗe hannu. Ɗan kamashon tashar, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya ja kujera tsakiya ya ce shi ne alƙali.

Na miƙe. Muryar da ta cika unguwa ɗazu ta koma kamar ta sauro. Na ce baƙi suna cinye abincin 'yan ƙasa.

"Tuwon da munka ci jiya a gidanku," in ji Kawu, "masarar bara ce ko?"

"E."

"Wa ya karye ta, wa ya ɓare ta, wa ya ɗora ta a rumbu?"

Ɗan kamasho ya ɗaga yatsa ɗaya sama ya ce, "Ɗaya ba ko ɗaya!"

Na ce baƙi suna ƙwace aikin da matasanmu za su yi. Kawu bai ma amsa mini ba. Ya juya ga taron ya ɗaga murya.

"Jama'a, ga gonar waken suya can ta bushe tana fashewa. Mu an sallame mu. Wa zai je ya cire?"

Ban taɓa ganin taro ya watsa ido haka ba. Wani ya hau duba agogo, wani ya sunkuya gyaran takalmi. Wani saurayi da ke gaba-gaba yana ta dariya ya zaro waya ya kara a kunne yana "halo, halo", alhali kowa ya ga ba ta yi ƙara ba. Alƙali ya ɗaga yatsu biyu.

Na tattaro sauran ƙarfina na jefa babbar hujjata. Na ce kowace ƙasa tana da iyaka, kuma iyaka abu ne mai alfarma da bai kamata kowa ya tsallaka ba sai da takarda.

"Kin taɓa ganinta?"

"Na gani a taswira."

"To ni bari in gaya miki, don a bayan gonata take. Babu katanga, babu rami, ƙasa ce da sabara irin ta ko'ina. Uwata 'yar wannan ɓangaren ce, ubana na wancan, tsakanin gidajensu bai kai tafiyar da tuwo zai huce ba. Ina da jaki. Kullum da safe a Nijeriya yake kiwo don ciyawar nan ta fi masa daɗi, da marece ya koma Nijar ya kwana. Shekara tara ke nan, ko sau ɗaya bai nuna wa kowa takarda ba. In kin rufe, ke za ki je ki yi masa bayani?"

Tashar nan ta ɗauki ihu. Mai shayi har da buga ludayi a benci. Ɗan kamasho ya hau kan kujerarsa ya yi shelar uku ba ko ɗaya, ya ce ba sai an je zagaye na biyu ba. Ni kuwa, da na ga har Baba yana danne dariya da bayan hannu, sai hawaye suka ɓalle mini. Kuka nake yi sosai, na kunya da na baƙin ciki, ga silifas ɗin wanka a ƙafata a tsakiyar tasha.

Kawu ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya matsa ya ba ni wuri a gefen tabarmarsa.

"Zo nan ɗiyata, zauna. Wanda ya rubuta miki wannan magana bai taɓa barin gida don yunwa ba. In dole sai kin tsaya a gefen masu rufewa, bari in ba ki abin faɗi na gaskiya."

Sai ya sassauta murya. Ya ce in na je garinsu bayan kaka ba zan ga namiji mai ƙarfi ko ɗaya ba, daga tsofaffi sai mata sai yara, kowa ya fita nema. Tsohuwa ce ke jan guga a rijiya mai gaba ashirin. In aka yi mutuwa sai an aika ƙauyen gaba a nemo masu haƙa kabari. Ya ce hanyar da talaka ke bi ya nemo abinci, ita ɓarawo ke bi da shanun da ya sato, ya sayar a ɗaya ɓangaren inda ba wanda ya san su. Sannan ya ce babban ɗansa ya hau motar masu ƙetara sahara shekara uku da suka wuce. Sau biyu ya kira waya, daga nan shiru.

"Hanya a buɗe take ga mai tafiya," ya ce, "amma ba wanda ke bin sawunsa ya ga ko ya isa. Ba don daɗi muke fita ba. Ki ce musu duk mai son mutane su zauna gida, ya fara sa musu abin ci a gidan, sannan ya yi maganar ƙofa."

Babu wanda ya yi dariya a nan. Baba ya sunkuyar da kai. Duk shekara ukun nan Kawu yana zuwa gidanmu yana aiki yana wasa da ƙannena, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Daga ranar, duk safiya in mun taru addu'a a gida sai Baba ya sa ɗan Kawu a ciki.

Can sai Baba ya ɗago kai. Ya dubi Kawu ya ce, "Malam, wake yana fashewa." Kawu ya ce, "Ai tun ɗazu nike jinsa a raina." Ya miƙe ya ce wa mutanensa a sauke kaya. A nan ne alƙali ya farga cewa hukuncinsa ya raba shi da fasinja bakwai. Ya diro daga kujera yana cewa a dakata, ai yarinyar ma ta kawo hujjoji masu ƙarfi, a sake zama. Ba wanda ya kula shi.

Hukuncina kuwa a gona aka yanke shi. Sauran kwanakin hutun nan tare da su na yi cirar wake, daga safe har la'asar. Busasshen waken suya yana da tsini kamar allura, kafin kwana biyu tafin hannuna ya zama abin tausayi. Mun yi asarar kusurwar gabas, wadda ta fi shan rana, amma sauran ya shiga buhu. Kawu yakan jera kunya da ni, muna aiki yana jefo mini tambaya, in na ba da amsar haddar malam ya ce, "Wannan ba taki ba ce, sake."

Ranar gasa aka kai mu ɗakin kwamfuta da rana, an goge mana kayan makaranta har suna ƙyalli, janareta yana ruri a bayan taga. Abokan karawarmu wasu ɗalibai biyu ne daga Indiya, mace da namiji, masu zuba Turanci kamar keken ɗinki. Alƙaliyar wata Baturiya ce mai tabarau. Malam ya tsaya a bayan kwamfutar inda mu kaɗai ke ganinsa.

Abokiyata ta buɗe da hujjojin malam, ta yi ƙoƙari. Da aka zo kaina sai na kife takardar. Na ba su labarin garin da ba a samun masu haƙa kabari, da tsohuwar da ke jan guga, da ɗan da ya kira waya sau biyu. Na ce ƙasar da ta bar ƙofa a buɗe ba ta san wanda ya fita ba, ba ta san ko ya isa ba, ba ta kyauta wa mutanenta ba. Na ga Baturiyar ta daina rubutu ta zuba mini ido. Malam yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Da a nan na tsaya, da wataƙila labarin ya bambanta.

Amma saura minti ɗaya da rabi, kuma bakina bai saba barin fili ba. Na tuna yadda tasha ta ɗauki ihu, na ce bari in rufe da abin da zai sa su dariya. Na kawo jakin Kawu.

Sun yi dariya kuwa. Baturiya har da cire tabarau ta goge ido. Ina cikin jin daɗi na hango malam yana kaɗa hannu biyu kamar mai korar kaji daga shanya. Sai a lokacin na gane cewa jakin nan ba ɗan ɓangarenmu ba ne. Na ɗauko hujjar abokan hamayya mafi kyau, na wanke ta, na miƙa musu a faranti.

Yarinyar Indiyan ta nemi izinin tambaya. Ta ce bayanan nan da na kawo, daga binciken wane masani na samo su? Na ce daga Kawu. Baturiya ta ɗauki biro ta ce in faɗi harufan sunan, na faɗa ta rubuta. Ta ce a wace jami'a yake koyarwa? Na dubi malam, malam ya dubi silin. Na ce ba ya zama wuri ɗaya, fanninsa noma ne, kuma yana aiki tsakanin ƙasashe biyu. Har yau ina alfahari da cewa ban yi ƙarya ba.

Daga nan duk wanda ya tashi a cikinsu sai ya ja jakin nan. Namijin ya ce ko dabba ta gane abin da gwamnatoci suka kasa ganewa. Macen ta rufe jawabinta da roƙon a ba ɗan Adam 'yancin da jakin Farfesa Kawu yake da shi. Aka kayar da mu. Da alƙaliyar ke bayani ta ce maganar garin da ya zama kango ita ce abin da ba ta taɓa ji ba a duk muhawarorin da ta yi alƙalanci a kan batun, kuma ta taɓa mata zuciya, amma jakin ya jefa ƙuri'arsa a ɗaya ɓangaren. Malam bai yi mini magana ba sai bayan kwana uku, shi ma cewa ya yi in goge allo.

Da na dawo hutun ƙarshen zango an gama da dawa, su Kawu suna shirin komawa gida. Na same shi a ƙofar zaure yana ɗinke bakin buhu.

"Yaya gardamarku? Kin ci?"

"An kayar da mu, Kawu. Jakinka ne ya kayar da mu."

Na kwashe labarin na gaya masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka kawo masa ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi da kinka faɗi. Da kin ci ai da sun rufe, baɗi ta ina zan biyo?"

Na ce masa ai muhawarar ba ta rufe komai, ba ta buɗe komai, magana ce kawai ta 'yan makaranta. Ya tsaya da basilla a hannu ya dube ni da mamaki na gaske.

"To in ba ta rufewa ba ta buɗewa, mi ne amfaninta?"

Sai da na girma na gane cewa ba maganar da take "magana kawai". Duk abin da ka buɗe baki ka faɗa a kan wasu mutane, akwai mai rai da zai faɗa wa a ka, kuma sau da yawa yana kusa da kai fiye da yadda kake zato. Na haddace shafi uku a kan baƙi, alhali na tashi da baƙo a ƙofar gidanmu ban taɓa tambayarsa me ya baro a gida ba. Tun daga lokacin, in na ji bakina yana ƙaiƙayin yanke hukunci a kan wasu, nakan fara neman ɗaya daga cikinsu in zauna in ji ta bakinsa. Ban daina surutu ba, wannan kam sai dai haƙuri. Na dai koyi yin tambaya kafin in fara.